Mushe a Gindin Aduwa

Tun da aka dawo daga dogon hutu ban samu sakat ba. Duk inda na zauna sai wata ta dafa ni: "Saudatu, da gaske kun je Nijar? Da gaske raƙumin dawa ya fi rufin ajinmu tsawo? Me ya sa Funke take ɓoye fuska in Mista Dung ya wuce?" Kun san halina, in mutum uku suka zuba mini ido harshena naɗewa yake. Funke kuwa ta ba da labarin sau ba adadi, kullum raƙuman suna ƙara tsawo, ita kuma tana ƙara jarumta. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda abin ya faru, kowa ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita, a bar ni in ci ƙosaina lafiya in an fita tara.

Ga sababbin zuwa: Mista Dung shi ne dogon malamin nan mai sanƙo da ke koya mana ilimin halittu, wanda ke zuwa daga Kabong a kan tsohon babur. Shi ne kuma uban ƙungiyarmu ta kula da namun daji. Shi ya gaya mana cewa a da akwai raƙumin dawa har a ƙasarmu, amma farauta da sarar daji suka ƙarar da su. Irin na yankinmu yanzu garke ɗaya ya rage, a Nijar, kusa da wani gari da ake kira Kure. Dokar ƙasar ta hana a taɓa su, kuma duk damina ana fita a ƙirga su. Sai dai dabba ba ta san iyaka ba, wani lokaci ɗaya yakan ɓalle ya nufo Najeriya. Saboda haka ƙasashe suka yi yarjejeniya kan dabbobin da ke tsallaka iyaka, kuma masu ƙirgar suka gayyaci wasu makarantu daga ɓangarenmu su je su ga yadda ake yi. Mu shida aka zaɓa.

Ranar da na kai maganar gida, Baba yana kan keken ɗinki a shagonsa na Laranto, da fil a baki. Na ce, "Baba, makaranta za ta kai mu Kure ganin namun daji."

Bai ɗago ba ya ce, "Kuru? Ai nan ne gaba da Bukur. Allah ya kiyaye hanya."

Ni na ji bambancin sarai, amma na ga ba ladabi ba ne yarinya ta gyara wa mahaifinta magana, balle ya riga ya ce e. Sai da aka ce a kawo hotuna don takardar tsallaka iyaka Baba ya tsayar da keke. "Tun yaushe aka fara shiga Kuru da fasfo?"

Da kyar Mista Dung ya gyara ɓarnar. Da kansa ya zo shago, ya zauna a benci tsakanin yadudduka. Kun san Hausarsa, mace da namiji duk "ka" ne da "shi". Ya ce, "Maigida, ka bar yarinyan nan ya je. Ƙarshen shekara zan yi ritaya. Tun ina saurayi nake koya ma yara raƙumin dawa, ni kaina ban taɓa ganin shi ba sai a takarda. Mutanen nan sun ce sai da yara za su karɓe ni, kuma rana ɗaya kawai suka ba mu a cikin daji. In na rasa wannan, shi ke nan."

Baba ya dube shi tsaf, ya cire fil ɗin daga baki. "Ashe Ticha su ne za su raka ka." Ya yi dariya, ya ce in tafi, da sharaɗin Malama Asabe, mai kula da ɗakin kwananmu, kar ta ɗauke ido daga kaina.

Mun bar Jos cikin yayyafi, kowa da rigar sanyi, wasu har biyu. Kafin mu kai Zariya an cire ta sama, a Funtuwa aka cire ta ƙasa, a Gusau muka mayar da su matashin kai. Maman Funke ta haɗa mata guzuri kamar za ta aikin haji: garin kwaki, soyayyen kifi, da ganda busasshiya a leda. Gaba da Gusau taya ta fashe, muka zauna a gindin kuka direba yana fama, Mista Dung kuwa ya ga aji ya samu, ya ɗauki tsinke yana zana mana taswira a ƙasa. Wani tsoho mai jaki ya tsaya ya saurari darasin har ƙarshe, sa'an nan ya tambaya ko wannan raƙumin ana iya yi masa labtu. Da aka ce a'a, ya ce to amfaninsa me, ya kaɗa jakinsa.

A Sakkwato muka kwana, a wata makarantar 'yan mata. Abin da zan ce game da Sakkwato shi ne, duk wadda ta sake yin ƙorafin sanyin Jos, Allah ya kai ta can.

Washegari muka isa iyaka ta Illela. A ɓangarenmu wani jami'i ya leƙo mota ya ce ina za mu. Malama Asabe ta ce za mu ƙirgar raƙuman dawa. Ya ce, "Duk raƙuman da ke kasuwar Illela ba su ishe ku ba?" A ɓangaren Ƙonni kuwa kaya aka sauke tas. Ashe akwai doka tsakanin ƙasashe kan fatu da haƙora da ƙahonin namun daji, ba a wucewa da su haka kawai. Wani ma'aikaci ya zaro ledar Funke, ya ɗaga ganda ɗaya sama yana juya ta a rana.

"Wagga hwatar wace dabba ta?"

Funke ta ce, "Oga, saniya ne. Na miya ne."

Ya shinshina, ya kira abokinsa, shi ma ya shinshina. Suka yi shawara da Faransanci. Daga ƙarshe aka mayar mata, amma ɗaya ba ta dawo ba, wai an riƙe don bincike. Ina mamakin dabbar da muka taso dominta, in za ta tsallaka wannan iyaka, ita ba ta da fasfo, ba ta da katin rigakafi, ba kuma wanda ke buɗe mata jaka.

A nan ne abin ya fara. Wani jandarma, wato irin 'yan sandansu na hanya, siriri mai ladabi, ya zo gaban Mista Dung ya sara masa, ya ce, "Mushe, kawo takardun ɗiyan."

Kun dai san mushe: dabbar da ta mutu ba yanka, wadda ake ja a yar a bayan gari ungulu su taru. A Jos in ka kira mutum haka, ka nemi abin da ya fi ƙarfinka, balle a 'yan shekarun nan da kunnen kowa ya yi laushi. Na ga jijiyar wuyan Mista Dung ta tashi.

"Me ka ce?"

"Na ce mushe, takardu."

Malama Asabe ta yi maza ta miƙa takardun, tana raɗa masa, "Malam, ƙyale shi, ƙasarsu ce, bindiga gare shi." Jandarman ya buga hatimi, ya sake sarawa, ya ce, "Sauka lahiya, mushe." Funke ta cusa bakin gyalenta cikin baki. Mista Dung bai sake yin darasi ba har Dogondutsi.

Nijar ƙasar Hausa ce kamar tamu, amma kamar ka shiga ɗakinka ka tarar an sauya wa kaya wuri. Makaranta lakwal ce, biro bik ne, acaɓa kabu-kabu. In ka gaida mutum sai ya ce lahiya lau. Burodinsu dogo ne mai tauri kamar sandar makiyayi, ana rataya shi a hammata. Da rana ta take sai gari ya rufe, kowa ya kwanta, har mai shago, ba kamar Laranto ba inda ko ana ruwan ƙanƙara ciniki ake. Shayi kuma a ɗan ƙaramin kofi kamar murfin kwalba, sau uku, in ka tashi bayan na farko ka yi rashin kunya.

A Dogondutsi aka sauke mu a wata lakwal da ke hutu, aka shimfiɗa mana tabarmi a aji. Wata dattijuwa, Inna Mariyama, ta kawo mana dambu da zogale da ƙuli, mai daɗin da har yau ina tuna shi in ana ba mu gwate a makaranta. Ta zuba na malaminmu a kwano mai murfi, ta durƙusa har ƙasa ta ajiye, ta ce, "Ga na mushe."

Ya dubi kwanon, ya dube ta. Ya ce ya ƙoshi. Na ji yana ce wa Malama Asabe, "Har tsohuwa? Me na yi musu? Don na rame ne, ko don an ce 'yan Najeriya ne suka cinye musu dabbobi?" Malama ta ce ita ma abin ya ɗaure mata kai, amma baƙo ba ya tambayar dalilin zagi. Biskit ya ci ya kwanta.

Da safe ina wanke fuska a bakin famfo sai ga shugaban makarantar ya shigo a keke, ya zo ganin yadda muka kwana. Yara suka biyo shi a guje, suna rige-rigen riƙe masa keken. "Mushe, ina kwana! Mushe, ina kwana!" Shi kuma yana shafa kawunansu yana murmushi. Na tsaya da sabulu a fuska ina saurare. Sai na ji ba irin namu suke faɗa ba. Namu yana farawa sama ya faɗo ƙasa, nasu yana farawa ƙasa ya hau, kamar mai tambaya. Na daure na je wajen Inna Mariyama a murhu, na tambaye ta da ƙaramar murya.

Ta ce, "Mushe? Malamin lakwal mana, ɗiyata. Kalmar Nasara ce, girmamawa ce. Ku mi kuke ce ma naku?"

Na ce, "Sa."

Ta ajiye muciya. "Sa? Bajimi? Kai, mutanen Najeriya ba ku da ta ido."

Na ruga na gaya wa Funke. Na so in gaya wa Mista Dung, har na je kusa da shi sau biyu, amma fuskarsa a murtuke take, kuma ta ina zan fara? In ce, "Sa, kai mushe ne, amma mai kyau"? Funke ta riƙe hannuna ta ce, "Abeg Sauda, bar shi sai mun koma Jos. Allah ne ya ba mu." Daga nan duk motsin da ya yi sai ta raɗa mini: mushe ya yi atishawa, mushe yana neman tabarau. Kuma da muryar Jos take faɗa, wai namu ya fi daɗi a baki.

Daga Doso aka shiga ƙasar Zabarmawa, gaisuwa ta koma fofo, amma kusan kowa yana jin Hausa. Da muka isa Kure na zaci za mu ga shinge da ƙofa kamar gidan namun dajin Jos. Babu. Gonakin gero ne da wake, da ƙauyuka, da mata masu daka, kuma wai a cikinsu raƙuman suke yawo. Sansanin masu ƙirga rumfuna ne kawai da mota ɗaya da babura.

Shugabar aikin, Madam Zainabu, doguwa ce mai wandon kaki da ɗankwali, ba ta yawan dariya. Ta zaunar da mu ta yi bayani. Ta ce ba a ƙirga su kamar awaki, don za ka ƙirga ɗaya sau uku. Kowanne da zanen jikinsa, ba biyu masu iri ɗaya, saboda haka ana ɗaukar hoton gefen dama da na hagu, da haka ake gane wa aka gani bara, wa aka haifa, wa ya ɓata. Ta ce manoma suna haƙuri, don raƙuman suna cin wakensu, shi ya sa ake haƙa musu rijiyoyi ana taimaka musu da hatsi. Sai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Waɗanda suka tsallaka wajenku ba su cika dawowa ba. Takarda ce ƙasashe suka sa wa hannu, amma ba takarda ke tsaye a gona ba in dabba ta ɓullo. Shi ya sa muka kira ku." Muka sunkuyar da kai kamar mu muka cinye su.

Ta ƙara da doka ɗaya. In aka tarar da ɗaya ya mutu, komai tsayawa yake. Ana sanar da babban birni, a fitar da baƙi daga yankin, sai likitocin dabbobi sun zo sun gano ko cuta ce ko mafarauci.

Washegari ita ce ranarmu. Tun da sassafe muka shirya, sai motar sansanin ta ƙi tashi. Ana jiran makanike, Madam ta ga bari ta karrama baƙo. Ta tara ma'aikatanta duka, ta nuna malaminmu da hannu biyu, ta ce, "Ku gaida Mushe Dung, tsohon mushe ne, daga Jos aka kawo mana shi."

Suka yi tafi. Mista Dung ya miƙe a hankali, ya ce bari ya sha iska, ya bi wata 'yar hanya cikin gero.

Da aka jima bai dawo ba, Malama Asabe ta aike ni da Funke mu duba, ita kuma ta tafi motarmu da ke can bakin titi ta haɗa abincin rana. Muka bi hanyar har muka hau wani tudu. Can nesa muka hango shi kwance a gindin wata aduwa, ya cire takalma, ya ɗora hannu a ƙirji. Ga yunwa ga fushi, barci ya ɗauke shi. Muka ce a bar shi ya huta tunda mota ba ta tashi ba, muka juyo.

A bakin sansani muka haɗu da Malam Hamani, babban mai bin sawu, da kyamara a wuya. Ya ce, "'Yan Jos, kun hita yawo? Mi kuka gani?"

Funke ta ce, "Ba komai. Sai mushe kawai, kwance a gindin aduwa."

Da muryar Jos ta faɗa. Na ga murmushin Malam Hamani ya ɗauke.

"Ina?"

"Bayan tudun can."

"Babba ne?"

"Dogo dai. Ƙafa har can."

"Namiji ko mace?"

Funke ta ƙyafta mini ido, ta zaci wasa yake taya ta. "Namiji. Tsoho."

"Kin ga kansa da kyau? Akwai gashi a sama?"

"Ko ɗaya. Sanƙo tal."

Malam Hamani ya dafe kai ya yi salati. Ashe tsofaffin mazan raƙuman dawa saman ƙahonsu sanƙo yake yi, saboda karo da juna. Ya ce, "Tsohon nan ne! Shekaranjiya na gan shi yana ɗingishi." Ya kwasa a guje yana kiran Madam.

Kafin ka ce kwabo sansani ya hargitse. Madam ta ɗauki rediyon hannu tana zuba Faransanci. Aka tayar da babura. Ta juyo wajenmu ta ce, "Ku yi haƙuri, ɗiyana. Ku je ku gaya wa malamanku ku shiga motarku. Ba shiga daji yau."

Na dubi Funke. Funke da bakinta ba ya rufuwa ko a aji, ta zama gunki. Malama Asabe tana can bakin titi ba ta san abin da ake ciki ba. Na tuna mutumin da ke kwance can, wanda ya zauna a bencin Baba yana roƙo, ya sha zafin Sakkwato, ya kwana da biskit. Za a tashe shi da ƙarar babura a ce masa ya koma gida.

Ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni gaban babur ɗin Malam Hamani ba. Kowa ya zuba mini ido, sun fi mutum uku nesa ba kusa ba.

Madam ta ce, "Yarinya, kauce."

Na ce, "Madam, ba mushe ba ne. Mushe ne."

Na farkon da muryar Jos na faɗa, na biyun da ta Dogondutsi. Na ga ba ta gane ba, na sake, ina nuna ƙasa da yatsa a na farko, ina nuna sama a na biyu. Na ƙara da cewa, "Namu. Mai tabarau."

Malam Hamani ya kashe babur. Ya ce, "Dogo. Tsoho. Sanƙo." Sai ya kifa kansa a kan babur ɗin, kafaɗunsa suna rawa. Madam ta yi ƙoƙarin riƙe fuska, ta kasa, ta zauna a kan jarkar mai tana share hawaye da bakin ɗankwali. Da kyar ta iya ɗaukar rediyon ta warware maganar, kuma na ji wanda ke ɗaya gefen shi ma yana shaƙewa da dariya.

Da ta natsu ta kira Funke. Ta ce, "A nan ba a wasa da wannan kalma. Da saƙon ya wuce gaba, da mutane sun taso daga birni a banza, gobe in na kira da gaske su yi nawa." Funke ta durƙusa irin na gidansu, gwiwa biyu a ƙasa, ta ce ba za ta ƙara ba. Sai na gaya wa Madam abin da kalmar take nufi a kunnen malaminmu tun daga Ƙonni, da dalilin da ya sa ba ya cin abinci. Ta riƙe baki. "Ni kuwa na ce mishi tsohon mushe gaban jama'a!" Daga baya da kanta ta ba shi haƙuri, ya ci kwano biyu na shinkafa, ya kuma yanke wa Funke hukuncin share ɗakin gwaje-gwaje har ƙarshen zango. Dalilin ɓoye fuskar ke nan.

Amma a lokacin Madam cewa ta yi a bar babura, tunda mota ta ƙi, mu taka da ƙafa mu ɗauko shi, daga can a fara aiki. Aka kira Malama Asabe da sauran. Muka shiga gero a jere, Malam Hamani a gaba. Da muka hau tudun sai ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya.

Da farko na zaci aduwar ce ta yi sababbin rassa. Sai reshe ɗaya ya juyo ya dube mu.

Su uku ne, manya biyu da ɗan ƙarami. Ba ja ba ne kamar na littafi, fari-fari ne, kalar shayi da aka cika wa madara. Ba su da ƙara ko kaɗan. Uwar tana zaro harshe baƙi mai tsawo, ta naɗe ganye daga tsakanin ƙaya ba tare da ta soke ba. In za ta taka sai ƙafafun gefe ɗaya su tafi tare, shi ya sa take rangaji kamar amarya. A wuyan ƙaramin akwai wani zane sak dutsen gugar Baba.

A ƙarƙashinsu kuma ga Mista Dung, kwance yadda muka bar shi. Kofaton uwar yana dab da takalminsa. Malama Asabe ta kama hannuna ta matse. Da muka matsa kaɗan sai na ga idonsa biyu. A buɗe suke tar, yana kallon sama, ko ƙiftawa ba ya son yi. Tururuwa sun yi layi a hannunsa har cikin riga, bai motsa ba.

Malam Hamani ya zagaya a hankali ya ɗauki gefen dama, ya sake zagayawa ya ɗauki na hagu. Madam ta raɗa mana cewa ƙaramin sabon haihuwa ne, yau ne ya fara shiga lissafi. Ta ce mu dube shi da kyau, in wata rana ya ɓullo ta wajenmu mu san na wa ne. Na nuna mata dutsen gugar, ta gyaɗa kai.

Ba su yi sauri ba. Sai da suka ƙoshi suka juya, suka ratsa gonar wani bawan Allah, ƙaramin yana tsalle a baya, har wuyansu ya ɓace cikin itatuwa.

Sa'an nan Mista Dung ya tashi zaune. Hannunsa duk ya yi rudu-rudu da cizo. Malama Asabe ta fara, "Malam, ka san abin da ka kusa jawo mana kuwa?" Bai ji ta ba. Ya laluba ya gyara tabarau, ya dube mu kamar yau ya fara ganinmu, idonsa ya tsaya a kaina.

"Saudatu, ka gan shi?"

"Na gani, Sa."

"Yana da gashin ido." Ya nuna idonsa da yatsa. "Dogo, baƙi, kamar an sa mishi kwalli. Ya sunkuyo har nan, ya dube ni, ya ƙifta. Duk littafin da na karanta, ba wanda ya ce yana da gashin ido." Ya shiga kakkaɓe tururuwa ba tare da ya dube su ba. "In na tafi, wanda zai zo bayana, ku gaya mishi ya riƙa faɗa ma yara."

Na ce to. Har yanzu ba mu san wa za a kawo ba, shi ya sa na fara da ku.